Zarton Kusurwa da Kujerar Baba

Gidanmu gidan fawa ne. Kakan mahaifina ya biyo garken shanu daga ƙasar Kano har Garwa, ya ga ruwan Binuwai ya ga kasuwa, ya ajiye sandarsa. Tun daga nan duk namijin da aka haifa a gidan, wuƙa ake danƙa masa tun bai gama wayo ba. Ni ne ɗan fari a wurin Baba, ni ne kuma na fara barin sana'ar. 'Yan uwa sun yi ta cewa tsoron jini ne ya kore ni, amma ba haka ba ne. A hanyar da muke bi zuwa mayanka akwai rumfar wani dattijon kafinta, mutumin kudu. Kullum na zo wucewa sai na ɗan tsaya ina kallon yadda ɓawon katako yake fitowa a nannaɗe daga ƙarƙashin hannunsa. Wata rana na tsaya, ban ƙarasa mayankar ba.

Baba bai yi faɗa ba. Da ma shi ba mai yawan magana ba ne, ga kunyar ɗan fari, ko sunana ba ya kamawa, sai dai "kai" ko "wancan". Abin da ya yi kawai shi ne ya ɗauki wuƙar da ya tanadar mini ya ba ƙanena. Na gama koyon aiki, na buɗe rumfata a unguwar Pumpumre, na yi aure, na haihu, furfura ta fara fito mini, bai taɓa sa ƙafarsa a rumfar ba. In teburinsa na kasuwa ya karye, wani yake ba gyara. In aka tambaye shi me babban ɗansa yake yi, sai ya ce, "Yana nan yana aikinsa."

Wata bazara, irin wadda kwano yake ƙona hannu tun da hantsi, ya faɗi a kasuwa da wuƙa a hannu. Aka kai shi asibiti. Da ya fito, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya ɗan karkace, magana tana fita da nauyi. Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa. Matar ƙanena ta yi iya ƙoƙarinta, amma ba ta iya ɗaga shi, shi kuma ba ya son surukarsa ta gan shi a wannan hali. Likita ya ce kada a bar shi kwance a ɗaki, a riƙa zaunar da shi cikin mutane. Ƙanena yana fita mayanka daga sallar asuba, kasuwa kuma ba wurin mara lafiya ba ce. Rumfata tana da inuwar darbejiya, tsakaninta da gidan ba nisa. Babu wanda ya tambayi Baba ko yana so. Muka samo keken marasa lafiya, na fara zuwa da safe ina turo shi.

Kwanakin farko ko kallon aikin ba ya yi. Titi yake fuskanta, yana kallon masu moto, wato babur, suna wucewa. Keken ma bai karɓe shi ba. Mazauninsa na roba ne, yana tara gumi, kuma da ya ɗan jima sai ka ga ya zame ya karkata dama, kafaɗarsa ta rataya a kan taya. Sai in ajiye zarto in je in gyara masa zama. 

A lokacin ina cikin shawarar sayen inji. Aiki ya canza a garin. Masu gina sababbin gidaje suna son silin mai ado a gefe, da kabad na kicin, da firam na madubi da na ƙofa, duk aikin haɗa kusurwa ne. Ni kuwa da zarton hannu nake yi, da wani akwatin katako mai tsaga da nake zura zarton a ciki. In ka yanka goma, bakwai su haɗu, uku sai ka cike bakinsu da gam da garin katako. Mai gida ba ya gani a ranar, amma bayan damina ɗaya bakin yake buɗewa. Kafaɗata ma ta fara ciwo. Na taɓa ganin injin a wurin wani abokin sana'a a Ngaundere: faifan zarto mai zagaye a jikin wani hannu da ake saukewa a kan katako, tebur ɗinsa yana juyawa hagu da dama, kansa kuma yana kwantawa gefe. Na ga ya yanka guda huɗu ya haɗa, ko takarda ba ta shiga tsakaninsu. Tun daga ranar abin yake raina.

Ranar da zan je saye, na ce wa Baba zan mayar da shi gida da wuri, zan shiga kasuwa.

Ya ce, "Sayen me?"

Na ce, "Injin yanka katako."

Na fara tattara kayan aiki. Can ya ce, "Zan je."

Na nemo mai mota, muka naɗe keken muka sa a baya. Shagon kayan gini ne kusa da babbar kasuwa, na wani Alhaji wanda su ma kakanninsu fatake ne daga Najeriya. Baba ya san mahaifinsa. Da Alhajin ya gan mu ya taso da sauri ya durƙusa a gefen keken, suka gaisa da Hausa, suka sake gaisawa da Fulatanci, jam na, jam, har sai da Baba ya gaji ya ɗaga hannun hagu. Alhajin ya sa aka fito da injinan da yake da su guda uku aka jera a ƙasa. Ya faɗi sunan abin da Faransanci, wani dogon suna. Mu dai a rumfa zarton kusurwa muke ce masa.

Na farko okaziyo ne, wato an yi amfani da shi a ƙasar waje aka kawo. Ƙarfe ne tsantsa, mai nauyi, da ganinsa ka san an yi shi don aiki. Amma da na duba jikinsa sai na ga wutar ƙasarsu ba irin tamu ba ce, sai an haɗa shi da na'urar rage wuta, kuma in wani abu ya lalace a ciki babu inda za a samu madadinsa. Na bar shi ba don raina ya so ba.

Na biyu shi ne ya ɗauke mini ido. Babba ne, sabo, faifansa ya kai faɗin tire, yana tafiya gaba da baya a kan sanduna biyu dogaye, yana kwantawa hagu yana kwantawa dama, har da wata jar fitila da take zana layi a kan katako. Ina ta shafa shi, Alhaji yana ta lissafa abin da yake iyawa.

Baba ya ce, "Matso da ni."

Na tura keken. Ya miƙa hannun hagu ya kama kan injin, ya janyo shi har ƙarshen sandunan, ya girgiza shi gefe da gefe. Kan ya yi ɗan motsi, kaɗan ne, amma ana gani.

Ya ce, "Yana rawa. Wuƙar da take rawa a ƙota ba ta bin inda ka sa ta."

Alhaji ya ce ai ana ɗaure shi. Muka ɗaure duk abin da ake ɗaurewa, rawar ta ragu amma ba ta tafi ba.

Na uku matsakaici ne, sandunansa gajeru, gefe ɗaya kawai yake kwantawa, babu fitila babu ado. Baba ya girgiza shi, bai motsa ba. Ni kuma na fito da ma'aunin kusurwata na ƙarfe na jingina a jikin faifan da tebur, na sake jinginawa tsakanin faifan da katangar ƙarfen da katako yake jingina a kanta. Haske bai ratsa ba. Na juya teburin, na ji yana faɗawa cikin gurbinsa da ƙara ƙas a kan arba'in da biyar, ba ya wucewa. Na sauke hannun na ɗaga, murfin da yake rufe haƙora yana buɗewa yana komawa da kansa. Na tambayi Alhaji ko ana samun gawayin da injin yake ci a cikinsa, wanda muke kira sharbo. Ya ce akwai a shagon, in ma ya ƙare masu zuwa Mubi ta Mayo-Ulo suna kawowa. Na auna faɗin da yake iya yankawa, ya ishi mafi yawan katakon da nake aiki da shi. Na ce shi zan ɗauka.

Saura faifai. Wanda ya zo da injin haƙoransa manya ne, tsakaninsu da faɗi. Na ce a ƙara mini wani mai ƙananan haƙora da yawa. Baba ya ɗaure fuska.

Ya ce, "Wancan ya fi ci. Dubi haƙoransa."

Na durƙusa na ɗora faifan biyu a kan cinyarsa. Na ce masa mai manyan haƙora yana da sauri, amma yaga yake yi, yana barin bakin katako da gashi-gashi, ya dace da katakon rufi da ba mai gani. Mai haƙora sittin ko tamanin kuwa a hankali yake ci, kowane haƙori ɗan kaɗan yake ɗauka, sai bakin ya fito sumul, in ka haɗa biyu su manne. Ina cikin bayanin na lura cewa tun da na fara wannan sana'a ban taɓa yi masa maganarta ba sai yau. Ya shafa haƙoran da babban yatsa, ɗaya bayan ɗaya, yadda yake taɓa bakin wuƙa.

Ya ce, "To. Kamar wuƙar fiɗa da ta sara."

Na ce, "Haka ne, Baba."

Ya ce, "Ɗauki duka biyun."

Na kafa injin a kan benci mai ƙarfi na ɗaure shi da kusoshi masu noti, na yi masa dogayen magoya hagu da dama daidai da tsayin teburinsa, don dogon katako kada ya rataya ya ɗaga. Takardar da ta zo da shi da Faransanci take, na bi ta a hankali, rabi karatu rabi kallon zane. Kuran, wato wutar lantarki, ba ya zama a lokacin zafi, saboda haka na mai da duk aikin yanka da safe, haɗawa da gogewa da rana.

Ranar da na fara tayar da shi, ƙararsa ta sa Baba ya zabura, awakin maƙwabta suka watse. Amma daga ranar ya daina fuskantar titi. Ya ce in juyo da keken.

Ba a yi mako ba injin ya nuna mini halinsa. Ina yanka wani ɗan guntun katakon ado, bai kai tsawon tafin hannu ba, na riƙe shi da yatsu. Na sauke faifan ya yanke, na ɗaga hannun tun faifan yana gudu. Haƙori ya kama guntun da ya rage ya wurga shi. Ban ma ga tafiyarsa ba, ƙara kawai na ji a jikin kwanon bango, kusa da kan Baba, har kwanon ya lotsa. Na kashe injin, na waiwaya wurin Baba.

Baba ya juya ya dubi lotsawar, ya dube ni. Ya ce, "Kai. Mu ba ma sa wuƙa sai an ɗaure. Ko rago ne. Kuma in ka yanka ba ka ɗagawa sai ya daina motsi."

Abin da takardar ta ce ke nan, na kuma karanta, amma a bakinsa ya fi zama mini. Na mayar da wurin zamansa bayana ta hagu, inda ko wani abu ya tashi ba zai same shi ba. Na ɗauko maɗaurin da ya zo da injin, wanda na jefa a akwati don ina ganin ɓata lokaci ne, na ɗaura shi. Na ja layi da jan fenti a kan teburin, taƙi guda daga faifai ta kowane gefe, na ce hannuna ba zai ƙetare shi ba. Na koyi barin faifan ya kai ƙarshen gudunsa kafin ya taɓa katako, in sauke shi ba tare da dannawa ba, in saki maɓalli, in jira ya tsaya cik, sannan in ɗaga. Guntun da ya yi ƙanƙanta kuwa ba na kai shi wurin injin, daga dogo nake yanko shi.

Maganar kujera ni na kawo ta. Bayansa ya fara yin gyambo saboda robar keken, zamewar kuma ta ƙaru. Na ce zan yi masa kujerar da za ta riƙe shi. Ya ce kada in bar aikin mutane. Na ce ba zan bari ba, a tsakanin aiki zan riƙa yi.

Sai da na auna shi. Na durƙusa a gabansa da ma'auni, na auna daga bayan gwiwa zuwa ƙasa, daga gwiwa zuwa ƙugu, daga ƙugu zuwa kafaɗa. Na ɗaga hannunsa na dama don in ga tsayin da zai huta a kai. Hannun yana da nauyi, da sanyi, duk jikinsa tabon wuƙa ne, wasu farare wasu baƙaƙe, ɗan yatsa ɗaya ya gajarta tun kafin a haife ni. Rabona da riƙe wannan hannu tun ina ƙarami yana tsallakar da ni titi. Ɗagawa da kwantarwa da nake yi kullum a hammata nake kama shi, da sauri, kowa yana kallon wani wuri. Wannan karon dole na daɗe. Ya kawar da kai yana kallon darbejiya, ni kuma na sa ido a kan lambobin ma'auni, na rubuta su a jikin wani guntun katako.

Abin da nake so shi ne kujera mai ƙafafu a buɗe, kowace ƙafa ta fita gefe ta kuma fita gaba ko baya, yadda ko ya jingina da duk nauyinsa a dama ba za ta kife ba. Irin wannan ƙafa ita ce take buƙatar abin da aka yi injin dominsa. In ƙafa ta karkata ta fuska ɗaya kawai, juya teburin ya isa. In ta karkata ta fuska biyu, sai ka juya teburin ka kuma kwantar da kan injin, ka yanka duka biyun a sara ɗaya, sama da ƙasa, don samanta ya manne da mazauni, ƙasanta ya zauna daram a kan daɓe. Da zarton hannu na sha yin irinta, amma da gwaji da gogewa da addu'a.

Allah ya sa a kan farin katako mai araha na fara gwadawa. Na juya teburin digiri goma, na kwantar da kan digiri takwas, na yanka ƙafa huɗu, duk suka fito sumul iri ɗaya. Na zo haɗawa, biyu suka zauna, biyu suka juya ciki kamar ƙafar gwame. Na juya su, na kifa su, na sauya musu wuri, abin ya ƙi. Na tsaya ina kallonsu a ƙasa. Sai na ji wani sauti daga bayana. Baba ne yake dariya da rabin fuska, har hawaye yana fito masa a ido ɗaya. Tun da ya faɗi ban ji dariyarsa ba.

Ya ce, "Ka taɓa ganin sa mai ƙafar dama huɗu?"

Gaskiyarsa. Ƙafafun biyu-biyu ne, kowace tana da kishiyar siffarta. Tun da injina gefe ɗaya yake kwantawa, sai na bar kan yadda yake, na mayar da teburin digiri goma ta ɗaya ɓangaren, na yanka sauran biyun. Na sa wa kowace alama da fensir, wace fuska ce waje, wane kai ne sama. Sai da na ɓata katako da dama kafin hannuna da kaina su daidaita. Da na tabbata, na ɗauko katakon iroko da na daɗe ina ɓoyo, na sa faifai mai ƙananan haƙora, na yanka na gaske.

Na kwantar da majinginar baya kaɗan. Hannun dama na yi shi da faɗi, ya fi na hagu tsayi, na sa masa allo a gefe na lulluɓe da auduga da yadi don ya tare haƙarƙarinsa. Mazaunin kuwa na saƙa shi da igiya don iska ta riƙa shiga. Ranar da na gama, ƙanena ya biyo daga kasuwa, muka ɗaga Baba tare muka zaunar da shi. Ya jingina. Ya matsa dama da gangan, ya sake matsawa da ƙarfi. Kujerar ba ta ce komai ba. Ya daɗe yana shafa hannun hagu na kujerar, inda katako biyu suka haɗu, yana neman bakin haɗin da farce.

Ya ce, "Ta zauna."

Ƙanena ya dube ni ya yi murmushi. Ya ce, "Yaya, yau ka ci kasuwa."

Da labari ya bazu cewa Baba yana zama a rumfata, tsofaffin abokan sana'arsa suka fara biyowa bayan azahar. Sukan zauna a kan benci, rigunansu da ƙanshin kitse da hayaƙi, su ba shi labarin shanun da aka kawo daga kasuwar Bogo, wane ne ya sayi ramamme, wane ne ɗansa ya buɗe wurin gashi. Rabin hirar da Fulatanci, rabi da Hausa. Wata rana ɗaya daga cikinsu yana kukan teburinsa, wai in ya sara ƙashi sai ya yi tsalle. Baba ya nuna ƙafar kujerarsa da haɓa, sannan ya nuna ni.

Ya ce, "Ga kafinta nan. Ya yi maka mai irin wannan ƙafa."

Ina riƙe da katako a lokacin. Na ajiye shi na shiga bayan rumfa kamar ina neman wani abu, na ɗan jima kafin na fito.

Teburin farko shi ya tsara shi. Na kawo tsayin da na saba yi wa tebur, ya ce ya yi tsawo, mahauci daga kafaɗa yake sara, in tebur ya wuce ƙugu ƙarfin saran ya tafi. Ya ce saman ya zama mai kauri, a ɗan karkatar da shi baya don ruwa ya gangara, kada a sa ƙusa inda wuƙa za ta sauka. Ni na san kusurwa, shi ya san abin da za a yi a kai. Muka yi ɗaya, muka yi na biyu, daga baya har mahautan wasu unguwanni suna aikowa. In na gama kowanne sai na tura shi gabansa, ya dafa da hannun hagu ya girgiza. Akwai wanda ya mayar mini, ya ce ƙafa ɗaya ba ta taka ba. Na duba, garin katako ne ya taru a jikin katangar injin ya ɗaga katakon lokacin yanka. Tun daga nan ba na ɗora katako sai na share wurin.

Damina biyu ya yi a kan kujerar nan. A ta biyu maganarsa ta ragu ƙwarai, ya fara yin barci ko injin yana kuka. Wata rana da hantsi, kuran ya tafi, rumfa ta yi tsit, ina goge wani firam. Na ɗauka barci yake yi, sai na ji ya ce, "Mutumin nan da ya koya maka. Yana nan?"

Na ce, "Ya koma kudu da daɗewa. Na ji an ce ya rasu."

Ya ce, "Kullum ta gabansa nake wucewa. Ban taɓa gaishe shi ba."

Na ci gaba da gugar.

Ya ce, "Ya riƙe amana."



Ya rasu wata safiya bayan an idar da sallah, a ɗakinsa, ina gefensa ina shirin ɗaga shi, ƙanena bai riga ya fita ba. Aka sa jana'iza bayan azahar. Gida ya cika, mahauta suka rufe teburansu suka zo, masu haƙa suka tafi maƙabarta. Ina zaune a zaure ana ta yi mini gaisuwa, ƙanena ya sunkuyo ya ce a kunnena, "Yaya, itacen kabari. An ce a aika a saro."

Na ce kada a aika kowa.

Na hau moto na je maƙabarta. Masu haƙa sun gama babban rami, suna gyara ƙaramin da ake kwantar da mamaci. Na sauka na auna faɗinsa, na ƙara abin da zai hau kafaɗar ƙasa ta kowane gefe, na auna tsawonsa. Daga nan na wuce rumfa. Ina addu'a a hanya Allah ya sa akwai kuran, na kuwa tarar da shi. Akwai katako mai kauri da na saya don saman teburin wani mahauci. Na mayar da teburin injin tsakiya, na miƙar da kansa tsaye, na jingina ma'aunin kusurwa na tabbatar. Na kafa ɗan katako a kan magoyin dama don kowane yanka ya tsaya a wuri ɗaya, tsayinsu ya zo daidai. Na yanka su ɗaya bayan ɗaya. Idona yana cikowa, sai in saki maɓalli, in jira, in share, in ci gaba. Wani maƙwabci mai amalanke ya kai mini su.

Ni da ƙanena muka shiga ramin. Aka miƙo mana shi, muka kwantar da shi a kan damansa yana fuskantar gabas. Aka fara miƙo katakon, ina karɓa ina jerawa daga wajen kai, ƙanena yana matsa su. Suka haɗu baki da baki. Masu kwaɓa ƙasa sun kwaɓa da yawa, yadda aka saba don toshe ramukan da itacen daji yake bari, sai ga shi kaɗan aka buƙata. Liman ya leƙo ya duba, ya gyaɗa kai, ya ce a zuba ƙasa.

Da aka watse muka kamo hanyar gida a ƙafa. Mun kusa isa na tuna ban rufe rumfa ba. Na ce wa ƙanena ya wuce, ina zuwa. Na tarar da ƙofar a buɗe yadda na bar ta, akuya ta shiga tana kwance a inuwa, garin katako ya rufe teburin injin, katako ɗaya da ya yi saura yana jingine a bango. Na kori akuyar, na zare wayar daga wuta, na share teburin da tsintsiya, na danna kan injin ƙasa na sa masa makullinsa, na lulluɓe shi da buhu. Ana kiran la'asar a masallacin unguwa. Na ja ƙofa na sa kwaɗo, na yi alwala a famfon maƙwabta, na bi sahu. Bayan sallama na koma gida wurin masu gaisuwa.